Burodi, Lemo da Ƙwayar Gajiya

Shekarata goma sha biyar lokacin da gwamnati ta kwashe kayanta daga Legas ta dawo Abuja. Baba direba ne a wata ma'aikata, aka ce kowa ya bi ofishinsa. Mu yaran duka a Agege ta Legas aka haife mu, ban taɓa kwana a wani gari ba. An yi wa ƙananan ma'aikata alkawarin gida, amma sai an gama da manya tukuna, don haka Baba ya kama ɗaki biyu a Dutse Alhaji, kan hanyar Bwari. Umma tana da goyo, ga ƙannena biyu ƙanana, sai aka ce ta zauna a gidan kawunmu har abubuwa su daidaita. Ni aka ɗauka in riƙa yi wa Baba da yayana girki, in kuma ci gaba da makaranta a can.

Gaskiyar magana ban iya girki ba. Na iya jajjage, na iya wanke-wanke, na iya dafa farar shinkafa. Tuwo kuwa in na tuƙa, ko ya yi gudaji ko ya yi ruwa. Ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban faɗa ba, saboda murnar zan ga sabon gari.

Yaya ya girme ni da shekara huɗu. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, ga dariya ba ta yi masa wuya. A Agege ƙwallo yake bugawa, in ya dawo daga fili sai ya cinye malmala uku ya leƙa tukunya ya ce ko da saura. Ya gama sakandare amma sakamakon bai yi kyau ba, shi ya sa da ya ji ana ɗaukar lebura a Abuja ya matsa wa Baba sai ya bi shi. Tun ranar da na fara hura wuta a sabon gidan ya sa mini suna Madam Kuku, kuma bai sake kirana da sunana ba sai in rai ya ɓaci.

Abujar wancan lokacin jar ƙasa ce da tifofi da ƙarar injin. Ko'ina ka duba ana haƙa ko ana ɗora bulo. A Dutse Alhaji babu famfo, sai dai a jira mai ruwa da garwarsa ko a gangara rafi. Kasuwar 'yar ƙarama ce, mutanen da suka sauka a kanta lokaci ɗaya sun fi ƙarfinta. Kifin da muka saba ci kullum a Legas ya zama abin marmari. Kananzir yau akwai, gobe babu. Itace kuma sai matan Gbagyi, 'yan asalin wurin, sun sauko da shi daga bayan dutse a kafaɗarsu, kuma da damina ɗanye ne, sai ka yi ta fifita hayaƙi na cin idonka.

Cikin mako guda Yaya ya samu aiki a wani kamfanin gini. Aikinsa ɗaukar bulo da kwaɓaɓɓen siminti a ka, ya hau da su bene. Tifa ce take kwasarsu a bakin titi da an sallame sallar asuba. Baba ma lokacin yake fita ya tari motar ofis. Na yi ƙoƙarin in riƙa dama musu koko, amma kafin wuta ta kama sun sa takalmi.

"Bar shi, Madam Kuku," in ji Yaya. "Akwai abinci a can."

Na yarda da shi. Wata biyu ina ganin kamar akwai abinci a can.

Wata Asabar ya manta katinsa na aiki a kan taga, kuma na san in ba kati ba a rubuta mutum ya zo. Na shiga mota na bi shi, ina tambaya har na gano wurin. Na isa daidai lokacin hutun rana. Samari ne birjik, wasu ba su kai shi ba ma, sun zauna a inuwar wata tifa, jikinsu fari fat da ƙurar siminti. Kowa yana riƙe da burodi da kwalbar lemo. Na ga Yaya ya ɓare burodin ya tsiyaya lemon a ciki, ya matse, ya tura a baki. Cikin minti kaɗan ya gama. Akwai mata masu sayar da shinkafa can bakin ƙofar shiga, amma da nisa, ga layi, ga hutun gajere ne.

Ina tsaye wani mutum ya iso a kan keke da akwatin katako a baya. Kafin ya kafe keken sun kewaye shi. Yana buɗe gwangwanaye yana tsinto ƙwayoyi, fara, ja, ruwan ɗorawa, ya ƙulla huɗu ko biyar a 'yar leda ya miƙa. Yaya ya karɓi tasa ya watsa a baki ya kora da ragowar lemo.

Na ce, "Yaya, ba ka da lafiya ne?"

"Lafiyata lau. Ta gajiya ce."

"Kullum kake sha?"

"Safe da rana." Ya nuna mini ginin da haɓa. "Kin ga hawa na huɗun can? In ba wannan, wa zai kai bulo can sau hamsin? Kowa yana sha. Je ki gida kafin oga ya gan ki."

A hanyar dawowa na yi ta tunanin ta safen. Ya fita bai ci komai ba, ke nan a kan cikin da babu komai yake zuba ta. Na ji ba daɗi, amma ban san abin tsoro ba ne. Na ɗauka magani ai magani ne.

A makaranta muna da wata malama mai koya mana kiwon lafiya, 'yar siririya mai tabarau, ita ma ba ta daɗe da zuwa garin ba. Wata rana ta raba allo gida uku. Ta ce akwai abinci mai ba da ƙarfi, irin su shinkafa da doya da dawa. Akwai mai gina jiki, irin su wake da gyaɗa da ƙwai da kifi da nono. Akwai mai kare jiki daga cuta, wato ganye da 'ya'yan itace. Ta ce jikin matashi gini ne da ba a gama ba, har ya wuce shekara ashirin ana kan aikinsa, don haka ya fi na babba buƙatar duka ukun. Ta yi maganar tafasa ruwa da isasshen barci. Can ƙarshe ta ce kada wanda ya sha maganin ciwon jiki bai ci abinci ba, yana cin bangon ciki.

Na ɗaga hannu. "Malama, in mutum kullum burodi da lemo yake ci fa?"

Aji ya fashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce, "Wannan cika ciki ne, ba cin abinci ba. Wa ke yin haka?"

Na ce wani ne a unguwarmu. Ta dube ni ta saman tabarau, kamar za ta ƙara tambaya, sai aka buga ƙararrawa.

Daga ranar na sa kaina sai na gyara cin Yaya. Wadda ta taimake ni maƙwabciyarmu ce, wata dattijuwa Bagbagyiya da muke ce wa Mama. Gidanta ya riga duk gidajen hayar nan. Masu awon fili sun cinye mafi yawan gonarsu, saura wani ɗan tsiri a gindin dutse inda take shuka doya da kabewa da wake. Hausarta irin ta mutanen wurin ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Ita ta fara yi mini magana, ina shanya.

"Yarinya, wannan yaro naka, ido nashi ya yi fari. Me kana ba shi?"

Na gaya mata. Ta girgiza kai, ta shiga gida ta fito da ganyen kabewa da kwanon wake. A murhunta na koyi faten doya da ganye, da miyar gyaɗa, da yadda ake jiƙa wake tun rana don kada ya cinye itace. Ta haɗa ni da wata Bafulatana da ke biyowa da ƙwaryar nono daga rugarsu ta bayan gari. Ba zan manta murnar da na yi ba ranar da na dafa wake da ganye ya yi daɗi. Na zuba a kwano mai murfi, na ɗaure da ɗankwali, da asuba na miƙa wa Yaya.

Ya tafi da shi kwana biyu. Rana ta uku ya dawo da kwanon a cike, waken ya yi tsami saboda zafin rana. Ya ce babu inda zai ajiye shi sai cikin rana, kuma abokansa suna ta tsokanarsa wai an yi masa aure bai gaya musu ba. Ya faɗa yana dariya don kada in ji haushi. Na koma ga abincin yamma, na ce ko shi ya ci da kyau. To amma in ya dawo bayan magariba, wanka kawai yake iyawa. Sau da yawa kafin in zubo ya yi barci a kan tabarma, da ƙafa ɗaya a waje. In na tashe shi ya yi loma biyu uku sai ya dafe ƙasan ƙirjinsa ya ture kwanon.

"Ba daɗi ne?"

"Da daɗi. Cikin ne yake zafi, kamar an zuba garwashi."

Ni kuwa attaruhu nake zubawa son raina, irin yadda muka saba a Legas. Ban san yana ƙara masa ba. Har yau in na tuna yana share gumi yana cewa da daɗi, sai in ji abinci ya fita raina.

Nono kaɗai yake ɗan kwantar masa. Abokan aikinsa kuma suka ce ya riƙa jiƙa kanwa yana sha, ya samu sauƙi na ɗan lokaci, zafin ya dawo. Wandonsa ya fara zamewa har ya huda sabon rami a bel ɗinsa da ƙusa. Ƙashin wuyansa ya fito. Ya daina zancen ƙwallo.

Baba bai cika zama ba. Lokacin ana ta jigilar fayiloli da kujeru daga tsohon ofis, sai ya yi mako guda a hanyar Legas, ya dawo ya kwana biyu ya sake juyawa. Mutum ne mai shiru, kuma shi ma ya rame. Na taɓa ce masa, "Baba, Yaya fa ba ya cin abinci." Ya dubi Yaya da ke kwance ya ce, "Aikin ƙarfi ne, zai saba. Ni ma da na fara kwana a hanya haka na yi." Ba rashin kula ba ne. Bai ga abin da nake gani ba ne, ni kuma ban san yadda zan faɗa ya ji nauyinsa ba.

Wata Lahadi ina wanki na ɗago rigar aikin Yaya, na ga gabanta ya ɓaci da wani abu baƙi-baƙi, ya bushe ya yi tauri. Da na tsoma a ruwa, ruwan ya yi ja. Na same shi a bayan ɗakinmu yana zaune a kan bulo.

"Yaya, wannan jinin na mene ne?"

"Dasashina ne."

"Dasashi ba ya ɓata riga haka."

Can ya ce amai ya yi a wurin aiki, sau biyu ke nan. Ya ce bayan gidansa ma ya koma baƙi kamar kwalta, ya kai mako uku. Yana faɗa yana kallon ƙasa, don ba maganar da wa yake yi da ƙanwarsa ba ce. Na ce zan gaya wa Baba da ya dawo. Sai ya riƙe hannuna, ya kira ni da sunana.

"Kada ki gaya masa. Zai hana ni aiki ya mayar da ni Legas in zauna ina kallon mutane. Saura kaɗan a gama ginin nan. Ina so in kama ɗakin da ke kusa da namu Umma ta taho. Ba kya son Umma ta zo?"

Ina so. Allah ya sani babu abin da nake so kamar haka. Na gaji da hayaƙi, na gaji da ɗaukar ruwa, na gaji da zama babba.

"To ka daina shan ƙwayar."

"Na daina. Ke kuma ki rantse."

Na rantse.

Ya cika alkawari kwana uku. A kwanakin nan uku da ƙyar yake miƙewa, kansa kamar zai tsage, gaɓoɓinsa duk ciwo. Rana ta uku oga ya same shi zaune a kan matakala ya ce in ba zai iya ba ya faɗa, ga samari can a bakin ƙofa suna jira kowace safiya. Rana ta huɗu na ga 'yar ledar a aljihunsa. Ya ga na gani.

Na je wurin Mama na ce, wai in mutum yana aman jini me ake ba shi? Ta ajiye wuƙar da take fere doya ta ce, "Ba a ba shi komai. Asibiti ana kai shi. Wane ne?" Na ce a makaranta aka tambaye mu. Washegari na tsaya a ƙofar ofishin malamai, ina hango malamar kiwon lafiya tana duba littattafai. Na daɗe a tsaye. Ina tsoron rantsuwar, ina tsoron fushin Yaya, ina kuma gaya wa kaina saura kaɗan a gama ginin. Da ta ɗago kai sai na yi kamar wucewa nake. Baba ya dawo, ya kwana biyu, na zuba masa abinci, na kai masa ruwan alwala, ya sake tafiya. Ban faɗa ba.

Kwana tara bayan rantsuwar, na dawo daga makaranta ina cire takalmi, sai ga abokan aikinsa biyu a ƙofar gida, ko ƙurar jikinsu ba su karkaɗe ba. Ɗaya ya ce, "Ke ce ƙanwarsa? Ya faɗi a matakala. An kai shi asibiti cikin gari." Baba yana Legas. Ban san lokacin da na ƙwalla wa Mama kira ba. Ta fito ta ɗaura zani a kan na jikinta, ta kira ɗanta daga gona, muka tafi.

Asibitin cike yake, mutane har a baranda. Na same shi a kan gado, an sa masa ruwa, leɓensa fari kamar takarda. Wani likita matashi, wanda da gani shi ma bai huta ba, ya tambaya wa ke zaune da shi. Na ce ni. Ya tambaye ni me yake ci, na faɗa. Ya tambaya ko yana shan wani magani, ɗaya daga cikin abokan ya ciro tasa ledar ya nuna. Likitan ya juya ƙwayoyin a tafin hannunsa, ya ce uku daga ciki duk maganin ciwon jiki ne masu ƙarfi, ɗaya kuma ta hana barci, ta biyar ɗin shi ma bai san ta ba.

"Ya taɓa aman jini kafin yau?"

Na ce e.

"Tun yaushe?"

Na faɗa masa, har da maganar bayan gida. Bai yi mini faɗa ba. Ya dai rufe ido ya buɗe, ya ce gyambon ciki ne, ya daɗe yana zubar da jini, yanzu kuma ya huje. Ya ce da a makonnin baya ne, da magani da abinci sun isa. Yanzu sai an yi masa aiki, kuma sai an samu jini.

Na miƙa hannuna na ce a ɗiba. Wata nas ta jawo ni gaban taga, ta ja fatar idona ƙasa ta duba. Ta ce, "'Yata, ke ma nema kike. Ga ki yarinya. Je ki zauna." Kafin la'asar abokan aikinsa shida sun iso, duk suka ce a ɗibi nasu. Aka shiga da su ɗaya bayan ɗaya. Huɗu aka sallamo, aka ce jininsu bai kai a taɓa ba. Samari ne majiya ƙarfi a ido, masu hawa bene da bulo a ka. Suka tsaya a baranda suna kallon juna, kunya ta kama su kamar sun yi laifi. A ƙarshe jinin biyu daga cikinsu da na ɗan Mama, manomin da ya tashi da doya da ganye, aka shiga da shi.

An yi aikin. Wani abokin Baba ya buga waya ofishinsu na Legas, Baba ya iso washegari da yamma, bai ko tsaya gida ba. Ya tsaya a kan gadon yana kallon robar da aka zura wa Yaya ta hanci, ya ce, "Yaushe abin ya kai haka?" Ba ni ya tambaya ba, amma ni kaɗai na san amsar.

Rana ta uku Yaya ya farfaɗo sosai har muka sa rai. Ya gane kowa. Ya yi wa Baba sannu da hanya. Da Baba ya fita salla, ya juyo da kai a hankali.

"Madam Kuku."

"Na'am, Yaya."

"Yunwa nake ji."

Wata nawa ina jiran in ji wannan kalma daga bakinsa. Na ruga wurin nas, ta ce ko ruwa ba a yarda ya sha ba, sai dai in jiƙa auduga in shafa masa a leɓe. Na dawo na gaya masa. Ya ce to. Sai ya fara lissafa mini abin da zai ci in an sallame shi: tuwon Umma da miyar kuɓewa, soyayyen kifin bakin tasha a Agege, har da fatena na doya, ya ce amma in rage attaruhu. Na ce zan rage. Ina shafa masa audugar yana tsotsa kamar jariri.

Washegari zazzaɓi ya rufe shi, cikinsa ya kumbura. Likita ya ce ƙwayoyin cuta sun riga sun bazu tun kafin a yi aikin, kuma jikin ba shi da abin da zai yi faɗa da shi. Bai sake magana ba. Ya rasu bayan azahar, Baba yana riƙe da hannunsa, bai ci komai ba.

An binne shi a ranar, a wata sabuwar maƙabarta da kaburburanta ba su da yawa. Abokan aikinsa sun zo gaisuwa ranar uku, da yamma bayan an tashi. Na fito na durƙusa na gaishe su, sai na kasa riƙe bakina. Na gaya musu duk abin da likita ya ce, da abin da malamarmu ta ce, har da wake da gyaɗa da ganye, ina yi ina kuka. Suka saurare ni da ladabi. Babbansu ya ce, "Gaskiya kika faɗa, ƙanwa. Allah ya ji ƙansa." Wani kuma ya ce a hankali, "To ya za mu yi?" Da asuba na ji tifa ta tsaya a bakin titi, na ji hayaniyarsu suna hawa.

Umma ta iso kwana biyu bayan haka, da goyo a baya da ƙannena a hannu. Ba ta ga gawarsa ba. Ta shiga ɗakin ta zauna a kan tabarmarsa, mata suna ta shigowa gaisuwa, tana amsawa da ka. Sai da aka watse ta kira ni. Ta ce in gaya mata komai, kada in rage.

Na gaya mata. Na faɗi rigar, na faɗi rantsuwar, na faɗi kwana taran. Na sunkuyar da kai ina jira ta mare ni, ina ma so ta mare ni. Ba ta yi ba. Ta daɗe tana jijjiga jaririn da ba kuka yake yi ba.

Ta ce, "Babanku ya sani?"

"A'a."

"To kada ya sani. Ba zai iya ɗauka ba."

Haka na fita daga wata rantsuwa na shiga wata. Baba ya rayu shekaru da yawa bayan nan, ya yi ritaya, ya tsufa, ya rasu, yana ganin laifinsa ne shi kaɗai don ya ce zai saba. Sau da yawa na zauna kusa da shi da niyyar in sauke masa rabin kayan, in ce Baba ni na sani na ɓoye. Ban taɓa iyawa ba.

Umma ba ta koma Legas ba. Muka cunkushe a ɗaki biyun nan. Ni kuma abinci ya gagare ni. Ban koma makaranta ba sai da zangon ya ƙare. Kowace safiya Umma takan tashi ta dama koko, ta soya ƙosai, ta ajiye a gabana tare da ƙwayar ƙarin jini da asibiti suka rubuta mini. Sai ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna tana kallona. In na ture, ta turo mini. In na yi kuka, ta jira in gama. Ba ta lallashi, ba ta faɗa. Takan zauna a wurin har sai na cinye, sannan ta ɗauki kwanon ta fita.